Bashin da Jami'ar Georgetown ke biya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in taɓo labarin Jami'ar Georgetown da ke birnin Washington na Amurka.

A 1838 bashi ya yi wa makarantar katutu, sai limaman Katolika masu tafiyar da ita suka sayar da bayi 272, har da ƙananan yara, ga masu gonaki a Louisiana kan kuɗi kimanin dala 115,000, aka biya bashin da wani ɓangarensa. Shekara da shekaru sunan Fada Thomas Mulledy, wanda ya ƙulla cinikin, yana manne a wani gini, ɗalibai na shige da fice a ƙarƙashinsa.

Sai a 2015 da ɗalibai suka yi zaman dirshan aka cire sunan. A 2017 aka nemi gafarar jikokin bayin, aka sa wa ginin sunan Isaac Hawkins, dattijon da ke farkon jerin sunayen takardar cinikin. An kuma ba jikokin fifiko wajen samun gurbin karatu.

Inda abin ya burge ni shi ne 2019, da ɗalibai suka kaɗa ƙuri'a cewa kowannensu zai ƙara dala 27.20 a kuɗin zangon karatu domin jikokin. Hukumar jami'ar ba ta bi wannan ba, ta yi alkawarin tara dala 400,000 duk shekara. A ganina, ga jami'a mai dukiya irin wannan, kuɗin ya yi kaɗan ƙwarai.

Naka,
Wani malamin tarihi, Zariya