Smith dai Maƙeri ake nufi, ba sunan sarauta bane

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina gaisuwa tare da fatan alheri gareka da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira.

Abinda yasa na rubuto shine wata gardama da muka tafka da wani abokina akan sunayen Turawan Ingila, shi ya dage wai sunayensu na iyali basu da wata ma'ana sai dai na sarauta ne ko na masu kuɗi, har ya kawo misali da Smith. Nace masa haba malam, ai Smith ɗin nan da kake jin daɗin faɗinsa Maƙeri ake nufi fa! Mutumin dake zaune gaban wuta ana masa zuga yana dukan ƙarfe akan uwar maƙera gumi na zuba, shine asalin mai sunan, kuma kalmar tsohuwa ce tun a tsohon turancinsu.

Su mutanen Ingila a da basu da sunan iyali da ake gada, sai bayan da Normawa, mutanen Normandi dake arewacin Faransa, suka ci ƙasar da yaƙi a 1066 abin ya fara shigowa, manya ne suka fara talakawa suka biyo baya a hankali, zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun samu nasu. To ka duba, ƙauye ɗaya ga John biyar, ga mai karɓar haraji yazo da takardarsa yana son ya bambance waye waye, dole ace John maƙeri, John mai burodi, John tela, a haka Smith da Baker da Taylor suka manne wa mutane har jikokin jikoki da basu taɓa riƙe guduma ba suna amsawa. Kuma tunda babu ƙauyen da zai zauna babu maƙeri, waye zai yi garma, waye zai yi takalmin doki da ƙusa da takobi, shi yasa sunan yafi kowanne yawa a Ingila har yau. A Amurka ma shine na ɗaya, ƙidayar 2010 ta nuna sun haura mutum miliyan 2.4, duk da dai can akwai Jamusawa masu suna Schmidt da suka juya nasu ya koma Smith, akwai kuma baƙaƙen fata da aka bautar da kakanninsu suka tashi da sunan iyayen gijinsu, wannan kam duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci wallahi.

Masu sunan da suka yi fice suna da yawa. Adam Smith ɗan Sikotland ne, a 1776 ya fitar da littafinsa akan arzikin ƙasashe wanda duk ɗalibin tattalin arziki ya sha fama dashi. Ga Ian Smith na Rodeshiya, Zimbabwe ta yanzu, wanda a 1965 ya ɓalle daga Birtaniya dan kawai tsirarun fararen fata su ci gaba da danne baƙaƙe, ya riƙe mulki har 1979. Shekara uku kacal bayan ɓallewar tasa sai ga Tommie Smith baƙar fata ɗan Amurka ya lashe zinare a tseren mita 200 a gasar Olamfik ta Meziko 1968, ya hau dandamali ba takalmi sai safa baƙa, ya sunkuyar da kai ya ɗaga hannu a dunƙule cikin baƙar safar hannu yana nuna adawa da wariyar launin fata, shi da John Carlos ɗan ƙasarsu da yazo na uku a tseren, aka kore su daga gasar saboda haka. Ian da Tommie duka biyun Smith suke amsawa, amma ni dai Tommie ne nawa.

Dattawanmu kuma basu manta da Sharwood-Smith ba, gwamnan Jihar Arewa da ya sauka a 1957, wanda ake cema Mai Wandon Ƙarfe.

Amma wanda yafi tsaya min a rai shine Farfesa Abdullahi Smith, Allah ya jiƙansa. Baturen Ingila ne da aka haifa a 1920, yazo koyar da tarihi a Ibadan a 1955, ya dawo Jami'ar Ahmadu Bello Zariya a 1962, ya musulunta ya ɗauki suna Abdullahi amma bai yar da Smith ɗin kakanninsa ba. Shine ya dage cewa tarihin Daular Usmaniyya dana Borno a nemo shi cikin rubuce-rubucen malamanmu na Larabci, a daina dogaro da rahoton 'yan mulkin mallaka kaɗai, shi ya kafa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, a Kaduna a 1970, kuma ya yaye ɗalibai irinsu Dakta Yusufu Bala Usman. Ya rasu a 1984. Yanzu ka tambayi yaran jami'a waye shi, da yawa sai su tsaya suna kallonka, abin yana min ciwo sosai.

Dan Allah Malam Edita ku ware shafi guda ku kawo mana cikakken tarihinsa, ku tura wakilinku ya zanta da ɗalibansa da suka rage tun suna raye.

Nagode, naku mai karatu a kullum.