Wasiƙa ga abokan cinikinmu kan ƙara filin Rickwood a ziyarar Birmingham

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa masu bin motocinmu zuwa wuraren tarihi a jihar Alabama.

Daga yanzu ziyararmu ta Birmingham, ta Amurka ba ta Ingila ba, za ta haɗa da wani tsohon filin wasan besbol (wasan da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda) mai suna Rickwood. Wasu dattawanmu sun ce su dai cibiyar tarihin fafutukar baƙar fata da cocin da ke titi na 16 suka zo gani, me ya haɗa su da filin ƙwallo? Tambaya ce mai kyau, ga amsarmu.

An buɗe Rickwood ranar 18 ga Agusta, 1910. Attajirin ƙarfe Rick Woodward ne ya gina shi don ƙungiyarsa, Birmingham Barons, wadda ke buga ƙaramin rukuni, ƙasa da manyan ƙungiyoyin ƙasar. A duk Amurka babu filin ƙwararrun 'yan besbol da ya girme shi yana tsaye. Amma ba tsufansa ne ya ja hankalinmu ba. Ƙungiyoyi biyu ne suka yi amfani da shi shekara da shekaru: Barons ta farar fata, da Black Barons ta baƙar fata, wadda ke samun filin idan masu gida sun fita wasa wani gari. A ranar wasan Barons kuwa, baƙar fata suna da nasu ɓangaren zama a gefe, ba sa cuɗanya da kowa. Gidan adana tarihi zai nuna muku hoton wariya. A nan kuma za ku tsaya a inda aka yi ta, ku auna tazarar da ƙafarku.

Ga wani abin da mu ma ya ba mu mamaki: duk da wannan ƙasƙanci, Black Barons ce ke cika filin ranakun Lahadi. Shahararren mai jefa ƙwallo Satchel Paige ya buga mata a ƙarshen shekarun 1920. Ta ɗauki kofin rukuninta na baƙar fata a 1943 da 1944 da 1948, kuma a wannan shekara ta ƙarshe ne wani yaro ɗan shekara 17, Willie Mays, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin besbol, ya buga mata. Bayan kakar 1961 aka daina wasan Barons a garin, sai a 1964 ƙungiyar ta dawo, farare da baƙaƙe cikin riga iri ɗaya, shekara guda bayan bam ɗin da ya kashe 'yan mata huɗu a cocin da kuke zuwa gani. Labarin ɗaya ne, gari ɗaya.

Barons ta tattara ta koma Hoover, a gefen Birmingham, bayan 1987, filin ya so ya lalace. Wata ƙungiyar masu kishinsa, Friends of Rickwood, ta riƙe shi, da allon maki da ake sauyawa da hannu da tallace-tallacen bango irin na da. Ranar 20 ga Yuni, 2024, ƙungiyoyin St. Louis Cardinals da San Francisco Giants suka buga wasan babban rukuni a can don girmama 'yan wasa baƙar fata na wancan zamani. Cardinals ta ci 6 da 5. Mays, wanda aka so a karrama, ya rasu kwana biyu kafin wasan yana da shekara 93.

Ba sai kun san dokokin besbol ba, mu ma rabinmu ba mu iya ƙirga makinsa ba. Kuɗin tafiya bai ƙaru ba. Za mu tsaya a filin da safe kafin rana ta yi zafi, sannan mu shiga cikin gari, kuma lokacin sallar azahar da abincin rana yana nan yadda kuka saba. Wanda ƙafa ke damunsa ya sanar da mu tun wajen yin rajista, mu tanadar masa wurin zama a ƙasa, don matakalan na da ne.

Mun gode da amanar da kuke ba mu.

Naku,
Ma'aikatan kamfanin