Uwata, kada lissafi ya kore ki

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya a jami'a can Legon kamar yadda muke a nan Aboabo. Mamanki ta faɗa mini kukan da kika yi mata a waya, wai lissafi ya sha miki kai, kina so ki bar karatun tattalin arziki ki koma wani fanni mai sauƙi. Daren ranar ban runtsa ba.

Kin tuna 2022? Sai in sayar da buhun shinkafa da safe a kasuwar Kejetia, in je sari da la'asar in tarar kuɗin ba su isa in mayar da shi ba. Mun shiga shekarar dala tana wajen sidi 6, zuwa Nuwamba ta haura 13. Rediyo ya ce a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Na ga tsohuwa ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga 'yan kuɗinta sau biyu, ta rage rabin awon da ta saba. Kakana goro yake kaiwa Kano, ni kuma shekarata talatin a kasuwa, amma jarina ya narke a hannuna ban san ta inda ruwan ya shigo ba. Da gwamnati ta ciyo bashin dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, a Mayun 2023, a majalisarmu babu wanda ya iya fayyace mana sharuɗɗan. Ke ce Allah ya ba damar zama a ajin da ake warware wannan.

Aiki kuwa akwai shi. Babban Bankin Ghana, Ma'aikatar Kuɗi, hukumar haraji ta GRA, COCOBOD mai kula da koko, kamfanonin inshora, koyarwa. Hukumar ƙididdiga ma duk wata takan turo ma'aikatanta kasuwanni su rubuta farashin kaya, daga nan ake fitar da adadin da muke ji a labarai. Sai dai duk ƙofofin nan da mabuɗi ɗaya ake buɗe su, wato lissafi da ƙididdiga da iya sarrafa su a kwamfuta. Abin da kike gudu shi za a fara tambayarki, tun daga shekarar bautar ƙasa.

Na san maganar riba tana damunki, ni ma haka. Ba banki kaɗai ne wurin aiki ba, kuma a Najeriya bankin Jaiz yana aiki ba da kuɗin ruwa ba tun 2012. Irin wannan ba ya tsayuwa sai da 'ya'yanmu masu ilimin fannin. Kofi Annan ma a nan Kumasi aka haife shi, a nan ya fara karanta tattalin arziki kafin ya ƙarasa a Amurka.

Ki nemi wata ta gaba da ke a aji ta riƙa yi miki bita, ko nawa ne ki faɗa mini in turo ta waya, ta MoMo. Ki riƙa zama a gaba, ki yi tambaya ko da za a yi dariya, ki riƙe sallarki a kan lokaci. Idan kin zo hutu zan miƙa miki littafin bashin shago, mu zauna ki nuna mini inda nake asara.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.