Wasiƙa a Kan Kajin Dutse Masu Ƙaho

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ga amsar tambayarka kan yadda ake bambanta nau'o'in tiragofan, kajin dutsen nan na Asiya, da yadda ake kiwonsu.

Suna cikin babban gidan Phasianidae, gida ɗaya da kaza da ɗawisu da fakararmu ta daji. Zabo kuwa, duk da kamar da ake gani, gidansa daban ne, Numididae. Masanin nan na Faransa, Cuvier, shi ya ware su a rukunin Tragopan a 1829, kuma nau'insu biyar ne kacal. Abin da ya haɗa su shi ne ƙahonni biyu na tsoka da zakaran ke miƙarwa lokacin neman mace, da wata fata mai launi a maƙogwaro da yake bazawa har ƙirji.

In za ka bambanta zakaru, fuska da ciki za ka duba, kada jan launin bayansu ya ruɗe ka. Na yamma, wanda ke arewacin Pakistan da Indiya, fuskarsa ja ce, jikinsa ya fi na sauran duhu. Na Blyth, a jihar Nagaland ta Indiya da ƙasar Myanmar, fuska rawaya, ciki ruwan toka. Na Cabot yana kudu maso gabashin Sin, cikinsa ruwan ƙasa mai haske, ba ɗigo. Waɗannan uku duk suna cikin barazanar ƙarewa saboda sare dazuka da farauta.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne tsakanin Satyr na Nepal da Bhutan da kuma na Temminck. Dukansu jajaye ne masu ɗigo. Sai dai ɗigon cikin Satyr fari ne ƙanana, kowanne da baƙin zobe, na Temminck kuwa manya ne ruwan toka, ba zobe. Matan fa, launin ƙasa ne dukansu, da wuya ido kaɗai ya raba su. Shi ya sa a wurin masu kiwo ake haɗa zakaran wannan da macen wancan, su yi barbara, a samu ruwa-biyu, asali ya ɓace. Wannan yana damuna ƙwarai, domin tsuntsun da aka gauraya ba ya da amfani ga aikin ceto jinsinsa. Kada ka karɓi mace sai da takardar asalinta.

Saɓanin yawancin danginsu, a bisa itace suke sheƙa, don haka a ɗaura musu kwando sama. Kwanci kwana 28 ne. Ganye da 'ya'yan itace su ne abincinsu. In hatsi ya yi yawa sai su yi kitse, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyasa. Zafi kuma yana kashe su, tsuntsayen sanyin tsaunuka ne, sai da inuwa mai kauri da iska.

Ka gaishe mini da mai ɗaki da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka amini.