Adimin ba rawani ba ne: gyara ga shirinku na daren Talata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirin daren Talata ya yi ɓarna da bakinsa, mai gabatarwa kuma ya bar shi ya wuce ba tambaya ko ɗaya. Cewa ya yi, in ana son zaman lafiya a gurup na WhatsApp, a ba dattawan ƙungiya adimin dukansu, don kada wani ya ga an raina shi. Wallahi raina ya ɓaci. Sana'ata gyaran waya ce a nan Tawa, na kuma san yadda mutanenmu ke ɗaukar maganar rediyo: an faɗa, an gama, gobe su aikata.

Adimin makulli ne, ba rawanin da ake naɗa wa mutum don girmamawa ba. WhatsApp matsayi biyu kaɗai ya sani, adimin da mamba. Babu ƙaramin adimin, babu mai rabin iko. Duk wanda aka ba, ko jiya ya shigo, yana iya korar kowa, ya sauke sauran adimin, ya naɗa nasa, ya share saƙon wani daga wayar kowa, ya rufe bakin jama'a gaba ɗaya. Mutum ɗaya ne ba ya taɓuwa, wanda ya buɗe gurup ɗin tun farko. To a ɗauki gurup na ƴan albasa mai mutum 400, daga Galmi da Madawa har masu karɓar kaya a Abijan, a ce adimin ashirin. Waya ashirin ke nan, kowace ɗaya ƙofa ce. Alhajin da ake son girmamawa, wayarsa tana hannun jikansa daga la'asar har isha'i. Shi ne kuma za a kira da murya mai ladabi a ce, "Baba, an turo maka lambobi shida bisa kuskure, don Allah karanto mini." Ya ɗaga wayar nesa da ido, ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, bai san lambobin buɗe WhatsApp ɗinsa a wata waya ba ne. Kafin ya gama alwala ɓarawo ya hau lambarsa da ikon adimin a hannu, ya fara aika wa mambobi cewa ɗan'uwa na kwance asibiti, a taimaka da jaka goma-goma. Wa zai yi musu da lambar Alhaji?

Ga abin da ya kamata a gaya wa masu sauraro. Adimin uku sun isa, ko da gurup ya cika maƙil da mutum 1024 da WhatsApp ya yarda da su. Kada kuma ya zama ɗaya tak, don in shi kaɗai ne ya fita, manhajar da kanta take ɗora wani mamba, ba ta tambayar kowa. Ba a ba mutum sai an ga da ido ya kunna tabbaci mai mataki biyu, wanda wayoyinmu masu Faransanci ke rubutawa "Vérification en deux étapes". Lambar sirri ce mai alƙaluma shida da mai waya ke zaɓa da kansa. In tana nan, ko an yaudare shi ya karanto lambobin da aka turo, ɓarawo zai ci karo da ƙofa ta biyu. Kada a sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayar.

Sai a taɓa sunan gurup a sama, a shiga "Autorisations du groupe". A kashe izinin da ke barin mambobi su canza suna, hoto da bayanin gurup. A kashe wanda ke barin kowa ya sa wanda ya ga dama, don ta nan ne abokin aboki ke shigowa ba wanda ya san asalinsa. A kunna amincewa da sabbin mambobi, wanda aka ƙaro a 2023: ko mutum ya samu linkin gayyata, zai tsaya a layi har adimin ya karɓe shi. Karɓar ma ba danna kore ba ce kawai. A kira lambar, a ji murya, a tambaye shi wa ya tsaya masa, a kira wancan ɗin ya tabbatar. Duk ranar da aka kori wani, a sabunta linkin nan take. Tsohon yana mutuwa. Da yawa suna korar mutum su bar linki yadda yake, da dare ya dawo da wani sim.

Nan ne baƙonku ya fi ba ni haushi, domin ya yi ta maganar yarda da juna alhali bai faɗi yadda ake gina ta ba. Tunda manhajar ba ta da matakai, mu ne za mu yi su, kuma mun iya tun kaka da kakanni: baƙo a zaure yake tsayawa, ba ya zarcewa cikin gida. A buɗe gurup biyu. Na farko shi ne zaure, a saita shi adimin kaɗai ke aika saƙo. Sabon shiga ya zauna nan wata guda yana ganin farashi da sanarwa, ana ganin halinsa a kasuwa. Na biyu cikin gida, inda kowa ke magana, inda ake zancen bashi, mota da kuɗin taimakon juna. Ba a kai mutum can sai wanda ya tsaya masa ya ce ya yarda, ya kuma san in yaronsa ya yi ɓarna shi za a fara tambaya. Dalilin wannan tsanani a fili yake: a gurup na kowa-da-kowa, duk wanda ya shigo yana ganin lambar kowa, har ta matan da ke ciki. Tun 2022 akwai tsarin "Communautés" da ke haɗa irin waɗannan gurup ƙarƙashin rufi ɗaya, da wurin sanarwa na adimin kaɗai.

Dattijo fa? A girmama shi yadda ake girmama dattijo. A sa sunansa a bayanin gurup a matsayin uban ƙungiya, kada a kori kowa sai an je an same shi. Hukunci nasa, danna waya na yara masu ido.

Rufe baki shi ma yana da lokaci. In rigima ta tashi, a mai da aika saƙo na adimin kaɗai na awa biyu ko zuwa safiya, a faɗi dalili da lokacin buɗewa, sannan a cika alkawari. Gurup da aka rufe ba ranar buɗewa, mutane ficewa suke su kafa nasu. Saƙon zagi ko ƙage kuma a share shi da wuri, don bayan kamar kwana biyu damar tana wucewa. Abin da ya zo da kibiya biyu, alamar an yi ta tura shi hannu zuwa hannu, kada a bar shi ya kwana ba a san tushensa ba. Ba wasa ba ne: dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019, da gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri kan zagi da ɓata suna ta waya. Wannan ma baƙonku bai ambata ba.

Ina roƙon ku sake shirin, ku gyara maganar da bakinku a daidai lokacin da kuka yi ta farko.

Tunda na ɗauki alƙalami, farashin kasuwa da kuke karantawa da safe na kwana uku ne da suka wuce. Buhun albasa ba ya jiran ku. Manomi ya ji kuɗin ranar Lahadi ya loda kaya ranar Laraba, ya iso ya tarar da wata magana daban. Ko ku faɗi ranar da aka ɗauko farashin, ko ku daina karanta shi.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Tawa.