A bar rahoton kwamiti ya kwana kafin a ɗaga hannu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon fili a shirinku in yi magana a kan dokar cikin gida ta majalisa, musamman kwanakin da ya kamata a bayar tsakanin ranar da kwamiti ya miƙa rahoto da ranar da za a tattauna shi. Tun da aka rushe Majalisar Dokokin Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka kuma girka majalisar ba da shawara a 2025, ake ta maganar sake gina ƙasa. To, ga wani tubali da nake so a sa tun daga tushe.

Kwamiti kan yi makonni yana sauraron ministoci da masana. Idan aka raba rahotonsa da safe aka ce a ɗaga hannu da la'asar, wa ya karanta? 'Yan kwamitin kaɗai. Sauran sun bi liman ne ba su ji karatu ba. Faransa, wadda muka gaji tsarinta, ta gyara kundin tsarin mulkinta a 2008: ba a muhawara kan daftarin doka a majalisar da aka fara kai shi sai ya yi mako 6 da shigarwa, ban da kasafin kuɗi da dokokin gaggawa. Ba na cewa mu kwafa. Ina cewa a rubuta wa'adi ƙarara, ko da kwana 7 ne, kuma kada a ɗage shi sai an faɗi dalili a bainar jama'a.

Mu a Damagaram abin ya fi shafar mu. Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne. Idan rahoto ya taɓa matatar man fetur ta SORAZ, ko ruwan sha da muka daɗe muna fama da ƙarancinsa, wakilinmu na bukatar lokacin da zai ji ta bakin manomin Magarya da makiyayin Tanut. Wannan ba aikin dare ɗaya ba ne.

Kuma tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, a cikin kwanakin nan a fassara taƙaitaccen rahoton, ku kuma ku karanta mana shi bayan labarun dare, ku buɗe layi mu kira.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga unguwar Birni, Damagaram