Motar tafi-da-gidanka ba Corolla ba ce, ku auna tsayinta kafin gada ta auna muku

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ɗan sam min fili in yi magana da 'yan uwanmu mazauna Amurka, musamman masu shirin fita hutun bazara da iyali, kan wani yayi da ya shigo mana na hayar motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, motar tafi-da-gidanka, wadda a nan ake kira RV. Ni direban tirela ne a Greensboro ta jihar North Carolina, kuma gaskiya ban ga laifin yayin ba, mai iyali da yawa ya huta da kuɗin otal, uwargida ta dafa abin da aka san halal ne, ga wurin alwala ga inda za a shimfiɗa darduma. Abin da ke damu na shi ne wanda ake miƙa wa makullin.

Mu kafin a ba mu lasisin babbar mota sai mun yi makaranta, mun yi jarrabawar rubutu, an zauna kusa da mu an ga yadda muke kwana da ribas. Amma wannan motar, in dai nauyinta bai wuce fam 26,000 ba, a yawancin jihohi lasisin ƙaramar mota ya wadatar. Wato mutumin da duk rayuwarsa Corolla yake ja yana Uber, yau da safe za a zagaya da shi a nuna masa inda ake zuba ruwa da inda ake zubar da ƙazanta, ya sa hannu a takarda, shi kenan a ce a sauka lafiya, ya hau titi da abin da tsayinsa ya kai ƙafa 12, manyansu ma har 13 da wani abu, tsawo kuma wasu har ƙafa 45. Idonsa bai saba kallon sama ba sam, tunda a ƙaramar mota ba abin da ya haɗa ka da allon da ke manne a goshin gada.

Nan kusa da mu a Durham, tafiyar kamar awa ɗaya, akwai gadar jirgin ƙasa a titin Gregson da duk mai kallon YouTube ya santa. Tsayinta a da ƙafa 11 da inci 8 ne, mita 3.56 kenan. Wani mutum da ofishinsa ke kallon wurin ya kafa kyamara tun 2008, kuma motocin da ya ɗauka suna kai mata karo sun haura 100 tuntuni, yawanci motocin haya na kwasar kaya da irin waɗannan na tafi-da-gidanka, sai ka ga an feɗe rufin kamar gwangwanin sardin, AC ɗin da ke sama ya faɗo tsakiyar titi. Mutane na ta turawa a WhatsApp ana dariya ana cewa me ya hana a gyara. Ai ba a zauna ba. Ƙasa ba ta haƙuwa saboda akwai babban bututun ƙazanta a ƙarƙashin titin, sama kuma layin dogo ne. An sa allo, an kafa ƙaton ƙarfe a gaba don ya kare gadar, a 2016 aka sa na'ura mai gane motar da ta yi tsayi ta kunna jar danja da rubutu yana walƙiya, a Oktoban 2019 kuma aka ɗaga gadar da inci 8 ta koma ƙafa 12 da inci 4. Duk da haka ba a daina buga ta ba. To ka ce min laifin gada ne? Direba ne bai san tsayin abin da yake ja ba, allon kuwa ko da fitila aka rubuta shi ba zai amfani wanda ba shi da lambar da zai gwada da ita a kansa ba.

A nan ne nake so 'yan uwanmu 'yan Nijar, waɗanda muke da su da yawa a garin nan, su ƙara kula, don su da mita suka tashi, allunan Amurka kuma ƙafa da inci ne. Inci 12 ne ke yin ƙafa ɗaya ba 10 ba, kuma ba a wannan lissafin kana gudun mil 45 yara na ihu a baya. Ka samu tef ɗin awo tun motar na tsaye a fili mai daidai, ka auna daga ƙasa har zuwa abin da ya fi komai tsayi a rufin, yawanci AC ne ko eriya, kar ka tsaya kan abin da aka rubuta a littafin mota don wani lokaci an ƙara wani abu a sama bayan an fito da ita. Ka ƙara inci 6 na tsaro, ka rubuta da manyan baƙi, a ƙafa da kuma a mita, ka manna inda idonka zai riƙa faɗawa kusa da sitiyari. Wannan ƙarin ba tsoro ba ne, titi in aka sake zuba masa kwalta yana tashi kuma ba kullum ake canza allo ba, ƙanƙara ma in ta daskare tana ɗaga ka, sannan in titin ya yi kwari a ƙarƙashin gadar doguwar mota tsakiyarta ba ta sauka cikin kwarin, ƙafafun gaba sun fara hawa na baya ba su gama gangarowa ba, sai rufin ya taɓa alhali a lissafi ka wuce.

Sai maganar waya. Google Maps bai san me kake ja ba, shi dai hanya mafi sauri yake nema maka, kuma mafi sauri a New York sau da yawa titunan nan ne da ake kira parkway, waɗanda tun asali don ƙananan motoci aka yi su, akwai gadojin da ba su kai ƙafa 8 ba a kansu. Mutanenmu na Bronx ku ji da kyau, in kun ga allon da ya ce ƙananan motocin fasinja kawai, to har da ku ake nufi ko da iyalinka ne fasinjojin. A Boston ma akwai titin Storrow Drive mai gadoji masu tsayin ƙafa 10, duk farkon Satumba lokacin da ɗalibai ke ƙaura sai an samu wanda ya maƙale da motar haya, har abin ya zama abin tsokana a garin. Akwai GPS na manyan motoci da manhajoji da za ka sa tsayi da faɗi da nauyi, akwai kuma littafin taswirar direbobin tirela na Rand McNally da ke jero gadoji masu gajarta jiha bayan jiha, ana sayar da shi a tashoshin manyan motoci, kuɗinsa bai kai na gilashin madubi ɗaya ba. Ni har yau ina buɗe shi da daddare kafin in kwanta in zan bi hanyar da ban sani ba.

Hanyoyin da aka fasa cikin dutse nasu sha'anin daban ne saboda bakinsu a lanƙwashe yake, tsakiya da tsayi, gefe a gajarce, kai kuma a gefe kake tafiya. Titin Blue Ridge Parkway da kowa ke son zuwa kallon duwatsu, mil 469 ne, yana da irin waɗannan ramuka 26, guda 25 duk a jiharmu suke, kuma na can ƙarshen kudu wajen Cherokee akwai waɗanda gefensu bai kai ƙafa 12 ba. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya shiga, ya ga bango na matso masa ta sama, sai ya karkata tsakiya cikin duhu ba tare da ya san me ke tahowa ba. A wurin shaƙatawa na Zion a jihar Utah kuwa, ramin da aka buɗe a 1930 mai tsawon mil 1.1, shekara da shekaru tsarinsu shi ne in motarka ta kai ƙafa 11 da inci 4 a tsayi, ko ƙafa 7 da inci 10 a faɗi har da madubai, sai ka biya dala 15 ma'aikata su tsayar da masu tahowa ka bi ta tsakiya kai kaɗai, in ta wuce ƙafa 13 da inci 1 kuwa ba ka shiga ko nawa za ka biya. A 2024 hukumar wurin ta sanar cewa daga 2026 manyan motocin za su daina bin hanyar gaba ɗaya, kuma ni dai na ga daidai ne, don ba dalili a tsayar da jama'a a rana saboda mutum ɗaya ya zo da gidansa.

Wani abin da ba a gaya wa mutane shi ne tukunyar gas ɗin girki. Ramukan Baltimore guda biyu da ke ƙarƙashin ruwa ba a shiga da tukunyar da ta wuce fam 10, ta cikin waɗannan motocin kuma ta fi haka. Da can gadar Francis Scott Key ake bi, to jirgin ruwa ya rushe ta a Maris ɗin 2024, don haka sai a zagaya ta yammacin garin. Mai zuwa New York daga nan ya sa wannan a lissafinsa tun daga gida.

Siraran gadoji ba zan tsawaita ba. Faɗin motar ya kai ƙafa 8 ko 8 da rabi ban da madubai, tsoffin gadojin ƙauye kuma hannu ɗaya ba ya wuce ƙafa 9 ko 10. In ka hango wata babbar mota na tahowa ka tsaya ta fara wucewa, ba wanda zai ba ka kofi don ka riga shi. Ka duba allon nauyi ma, wasu tan 3 kawai aka yarda, kuma ka tuna bayan motar dogo ne daga taya zuwa ƙarshe, kana yin kwana dama shi yana sharar hagu.

Masu cewa ai akwai inshora, ku karanta takardar tukuna, sau da yawa ɓarnar rufi ba ta ciki, daga aljihunka za a cire. Kuɗi ma da sauƙi. A Yunin 2019 wata bas da ta taso daga Oman ta daki ƙarfen hana dogayen motoci a Dubai, mutum 17 suka rasu, ana cikin hutun ƙaramar sallah. A irin motocin hayar nan kuma akwai gado a saman kan direba daidai inda gada ke fara taɓawa, yara na son hawa can, don Allah kar a bar kowa a wurin mota na tafiya, kowa ya zauna ya ɗaura bel. Wannan ma ya sa hankalina ke tashi in na tuna manyan motocinmu na gida da ake jibga wa kaya har sama a ɗora mutane a kai, ga gadojin ƙasa sun yi yawa a Kano yanzu.

In kuma ƙaddara ta kai ka gaban gadar da kake shakka, ka taka birki ka kunna fitilun gaggawa ka tsaya, su yi ta hon ɗinsu. Ka sauka ka duba da idonka. In ba ta wucewa kuma ba halin ribas, ka kira 'yan sanda su tare maka hanya, ƙila su rubuta maka tikiti, ka karɓa ka gode musu. Kar ka ce uwargida ko yaro ya tsaya a bayan motar yana maka hannu a titin da ake gudu.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira, a gaida mutanen gida.

Naka,
Wani direban tirela,
Greensboro, Amurka